Gonar Lemon da Muka Je Nema a Kan Doki

Cikin duk abin da idona ya gani a shekarun da na yi a Jidda, akwai safiya guda da ba za ta taɓa fita daga kaina ba, ita ce safiyar da muka hau dawaki muka tafi neman gonar lemo a cikin rairayi. Zan ba da labarin bi da bi, domin ni ba na son a fara abu daga tsakiya.

Na zo Jidda da iƙamar aikin barga, wato takardar izinin zama da aiki. Karatuna ba mai zurfi ba ne, amma doki na san shi tun ina ƙarami, mahaifina ya yi kiwonsa a ƙauyenmu. Ɗakina yana unguwar Waziriyya, bargar kuwa tana can kudu, inda gine-gine suka ƙare, fili ya buɗe har teku. Kafilina, wato mai bargar da ya ɗauko ni aiki, da wuya ya leƙo. Mai tafiyar da bargar wani dattijo ne haifaffen Jidda, jinin Hausawa, wanda kakansa ya zo aikin Hajji a ƙafa bai koma gida ba. Baba nake ce masa. Shi kuma ya laƙaba mini Malam Na-farko, saboda duk bayanin da zan yi sai na ce na farko kaza, na biyu kaza. Ban taɓa jin haushi ba, don har yau ban ga laifin tsari ba.

Aikinmu na kowace safiya ɗaya ne. Bayan Asuba mu ɗaura sirdi, mu jera dawaki, mu ratsa filin zuwa bakin teku. A can mu shigar da su ruwa har ƙirji, su yi iyo, ƙafafunsu su saki, sannan mu dawo kafin rana ta yi zafi. Mahaya na cikin gari ma ta nan suke bi ranar Juma'a da Asabar. Hanyar tana da suna, kowa Darbul Burtugal yake ce mata. Darb hanya ce, burtugal kuwa lemo ne a bakin mutanen nan. Hanyar Lemo ke nan.

Baba ya yi imani cewa kakansa ne ya fara taka hanyar da jakuna da dawakinsa, kuma ya yi gonar lemo a tsakiyarta, shi ya sa sunan ya bi ta. Shi bai ga gonar da idonsa ba, cewa yake yi ta bushe kafin ya yi wayo. Amma in ya fara ba da labarinta sai ka rantse jiya ya fito daga ciki. Zai faɗa maka yadda furen yake fari, yadda ƙamshin ke kaiwa har bakin ruwa, yadda dawaki ke miƙa wuya suna tsinkar 'ya'yan. Muna tafe a kan doki gari bai gama wayewa ba, yana magana a hankali, ni kaina da nake da taurin kai sai in ji kamar ƙamshin ya bugi hancina.

Ana nan sai shingen waya ya fara bayyana a filin, yau a nan, gobe a can. Filin na hukuma ne, kowa na shiga, amma gari yana matsowa kuma za a yanka shi a yi gini. Sai ofishin da ke kula da filaye ya sanar cewa za a bar wa mahaya tsofaffin hanyoyinsu a buɗe, da sharaɗin su zana su a taswira, su kuma nuna wata alama a ƙasa da ke tabbatar da cewa hanyar tsohuwa ce. Kafilina ya ce in an rufe hanyar teku zai ɗauke dawakin ya kai su wani gari. Na san Baba ba zai bi su ba. Shekarunsa sun ja, kuma bai taɓa kwana nesa da wannan tekun ba.

Babbar 'yarsa aikin zanen taswira take yi a wani ofis a Bagdadiyya. Muhandisa muke ce mata, wato injiniya. Tana jin Hausa sarai, amma in za ta yi magana rabi Larabci ne. Ita ta sa wa mahaya wani abu a jawwal, wayar hannu ke nan, wanda in kana tafe yake zana layin inda ka bi. Kowa ya hau ya kawo nasa, ta haɗa su wuri guda ta nuna mana. Daga barga layukan a haɗe suke kamar igiya ɗaya, a kusa da teku ma haka. A tsakiya kuwa sun watse kamar zare ya warware, domin wurin rairayi ne, iska na share sawu, kowa inda ya ga dama yake bi.

Ta ce, "Abuya, layi wahid suke so, guda ɗaya tak. Wannan ba za su karɓa ba."

Baba ya ce, "Ai da sauƙi. Gonar a tsakiyar take. Mu nemo rijiyarta ko kututturen lemo, halas, ga alama ga hanya."

Na ce, "Baba, na farko, lemo ruwan daɗi yake so. Na biyu, ruwan ƙasan nan gishiri ne. Na uku..."

Ya ce, "Na uku ka ɗaura mini sirdi. Kai da ka zo jiya za ka gaya mini abin da ke fitowa a ƙasar da aka binne cibiyata?"

Na ɗaura masa. Safiya bayan safiya muka yi ta kewaya tsakiyar filin nan muna tona duk wani tudu da muka gani. Mun tono tayar mota, mun tono ƙashin raƙumi. Kututture ko ɗaya ba mu gani ba. Shingen kuma kullum yana ƙara matsowa, lokacin da aka ba mu yana ƙarewa.

Safiyar da nake magana a kanta ta zo da hazon teku, irin mai laima da ke sauka a Jidda wani lokaci, ya jiƙa maka riga ba tare da ruwan sama ba. Mu uku muka fita. Baba yana kan tsohuwar farar goɗiyarsa, muhandisa tana kan wani doki mai sanyin hali da jawwal a hannunta, ni ina baya. Ba ka ganin komai sai kunnuwan dokinka. Ƙarar kofato ma rairayi ya haɗiye ta. Fararen tsuntsayen ruwa suna fitowa daga hazon su wuce ta kanmu su sake ɓacewa, ba ko kuka. Sai na ji kamar ba tafiya muke yi ba, muna tsaye ne ƙasa na janyewa a ƙarƙashinmu. Goɗiyar Baba fara, rigarsa fara, hazo fari, wani lokaci muryarsa kawai nake bi.

Ya gaji da nema a ranar, na ji a muryarsa. Ya saki linzami ya bar goɗiyar ta bi inda take so, ya kama ba 'yarsa labarin kakansa. Ya ce tsoho ne dogo, mai tsaga a kumatu, har ya rasu Larabcinsa bai miƙe ba. Ya ce shi ya fara ɗora shi a kan doki a wannan filin, yana riƙe da shi ta baya.

"Kullum magana ɗaya yake maimaita mini," in ji Baba. "Ya ce, yaro, riƙe linzami da kyau. Kada ka fita daga burtugal. Hagu na mutane ne, dama na mutane ne. Kin ji ko? Wato gonar tasa ce, ta maƙwabta kuma tana gefe da gefe."

Na ja linzamina na tsaya cak. Domin wannan maganar na san ta. Na ji ta da kunnena a wata ƙasar, daga bakin mahaifina, ranar da ya fara ba ni dabbobi in kai rafi da damina. Kalma ɗaya ce kawai ta bambanta. Sai ga ƙauyenmu ya tsaya a gabana cikin hazon nan, gero ya yi tsawo hagu da dama, aguwa ta jeru a gefe biyu, ga siririyar hanya a tsakiya cike da sawun shanu.

Na san abin da zan faɗa zai iya ceto hanyar, na kuma san zai sare itatuwan da dattijon nan ya yi shekaru yana shayarwa a cikin kansa. Ni mutum ne mai faɗar abu yadda yake, amma ranar sai da harshena ya yi nauyi.

Na matsa kusa da shi na ce, "Baba, don Allah a sake faɗa mini kalmar yadda tsoho yake faɗarta. Ba yadda mutanen gari ke faɗa ba."

Ya yi ta tauna kalmar a baki. Can ya ce, "Shi ai bai iya faɗa daidai ba. Burtali yake cewa. Har dariya muke yi masa."

Na ce, "Daidai yake faɗa, Baba. Hausa yake yi."

Muhandisa ta juyo da dokinta. "Ya ammi, burtali yaʿni me?"

Na yi musu bayani a tsare. A ƙasarmu in damina ta sauka, gonaki suka rufe ko'ina, akan bar wa dabbobi hanya a tsakanin gonaki zuwa mashaya, a shinge ta hagu da dama. Ba ta kowa ba ce, ba mai noma ta, ba mai rufe ta. Sunanta burtali. Na tambayi Baba ko an taɓa shuka wani abu a wannan rairayin. Ya ce ƙwarai, in an yi ruwa mutanen ƙauye kan shuka kankana, yana yaro ya sha satar ta. Na ce to su ne mutanen hagu da dama. Tsoho bai so dabbobinsa su taka musu shuka ba, sai ya yi abin da ya baro ana yi a gida. Maƙwabtansa suka ji yana cewa burtali, kunnensu ya ba su burtugal.

Baba ya sunkuyar da kai yana shafa wuyan goɗiyar. Ya ce a hankali, "Wato babu lemo."

Na ce, "Ina jin babu, Baba."

"Ko bishiya ɗaya?"

'Yarsa ta miƙa hannu ta dafa kafaɗarsa.

Na ce abin da ya kamata mu nema layi biyu ne a jere, domin burtali ba ya rasa gefe biyu. Muna tsaye a nan rana ta leƙo ta bayanmu, hazon ya fara ɗagawa daga ƙasa kamar ana naɗe farin mayafi. Hasken ya kwanta a kan rairayi, kowane ɗan abu ya miƙa doguwar inuwa wajen teku. Sai muka ga tumfafiya. Mun sha wuce ta, don ba mai kula tumfafiya a filin nan. Amma da inuwarta ta kwanta, sai ga ta a jere sahu biyu, ɗaya a damanmu ɗaya a hagunmu, tana tsinkewa tana sake haɗuwa, har inda ido ya tsaya. Goɗiyar Baba kuwa, da aka sakar mata linzami, a tsakiyar sahun biyu take tsaye.

Na sauka na tona gindin wata da hannu. Ban yi nisa ba yatsuna suka taɓa dutse, farin dutsen teku mai ramuka. Na matsa gaba na sake tonawa, ga wani. Na tsallaka ɗaya gefen, ga su nan a jere. Tsoho bai sami aguwa a nan ba, sai ya ɗebo duwatsu daga bakin ruwa ya jera. Rairayi ya rufe su, laima ta taru a ƙarƙashinsu, tumfafiya ta tsiro a kansu.

Baba ya sauko da ƙyar, ya karɓi dutse ɗaya ya juya shi a tafinsa. Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya durƙusa ya mayar da shi daidai ramin da na ciro shi, ya danna da hannu biyu.

"Yalla," in ji shi. "Ya binti, kunna abin naki. Malam Na-farko, koma bayana, kada ka fita."

Muka koma farkon sahun, don na ce ba za a fara daga tsakiya ba, kuma a wannan karon ba wanda ya yi mini dariya. Muka bi a hankali, goɗiyar a gaba, muhandisa tana tsayawa tana ɗaukar hoton duwatsun, layi ɗaya yana miƙewa a jawwal ɗinta har ya shiga ruwa. Da muka isa teku ta tambayi mahaifinta sunan da za ta sa a taswira, na gari ko na tsoho. Ya ce ta sa yadda kakansa ya faɗa, ya sa ni na maimaita mata harafi bayan harafi.

An bar hanyar. Yau gine-gine sun tashi hagu da dama, dawaki suna bi ta tsakiya zuwa teku. Mutanen gari har yanzu Darbul Burtugal suke cewa, ba wanda ya hana su. Baba kuwa bai sake ba da labarin furen lemo ba. Na yi kewar labarin fiye da yadda na zata. Wata Juma'a na biya kasuwar Bab Makka na sayo lemo cike da leda na kai masa bakin ruwa. Ya kalle ni, ya kalli ledar, ya ce, "Ka sare mini gona, ka zo ka biya ni da kilo guda?" Amma ya ɓare, ya sha, ya ba goɗiyar ɓawon.

Abin da na ɗauka daga wannan safiya na riƙe shi har yau, kuma ina faɗa wa duk mai 'ya'ya a ƙasar wasu. In tsoho ya faɗi kalma ka ji ta baƙuwa, kada ka yi masa dariya, kada ka gyara masa. Ka zauna ka tambaye shi me yake nufi tun yana da rai. Hanyar da muka kusa rasawa, dattijon nan yana ɗauke da ita a bakinsa tun yana yaro, mu kuma muna can muna tona rairayi muna neman lemo.