Kwalin Maganin Baba

Har yau in na ji ƙaurin kwali yana ci da wuta, kakata ta wajen uba nake tunawa, tsugunne gaban murhu tana tura shi ciki da tsinke. Kowane wata haka take yi. Baba zai dawo daga asibiti a Kano da maganinsa, ita kuma ta zauna ta ɓare ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, ta ƙulle su a 'yar farar leda irin ta gishiri, kwalin da takardar ciki kuwa sai wuta. In na tambaya sai ta ce na ciwon kai ne, in tashi in ba ta wuri.

Baba direban bas ne, daga Ajingi zuwa Kano, kuma farfaɗiya ce da shi. Mutum uku suka sani a gidan: shi, kakata, da innarmu. In ka tashi a ƙauye ka san abin da sunan ciwon nan yake yi wa gida. Mutane su daina haɗa kwano da kai, masu neman 'ya'yanka su janye ƙafa a hankali. Mu kuwa mu huɗu ne, duk mata.

Ina 'yar shekara goma sha ɗaya, lokacin cirar gyaɗa, likita ya ƙara masa ƙarfin maganin. Washegari da hantsi barci ya fizge shi a kan sitiyari wajen Balan, motar ta gangara cikin gonar dawa. Ba wanda ya mutu, amma wata mata ta karye a hannu. 'Yan sanda suka tarar harshensa ya yi nauyi, ido ya kaɗa, ga ƙullin ƙwaya a aljihu, babu kwali babu takarda. Maganin kuma irin wanda 'yan shaye-shaye ke nema ne. Aka rubuta masa laifi biyu: tuƙi cikin maye da mallakar ƙwaya.

Bayan an ba da belinsa, kawuna ya samo lauya a Gaya, wata siririyar mata mai tabarau. Baba ya riga ya gaya mata gaskiya, don haka ta zo har gida, ta zauna a tabarma, ta gaida kakata da ladabi.

"Hajiya, katin asibitinsa na farfaɗiya na zo karɓa," in ji ta. "In babu shi ba ni da abin faɗa wa alƙali, kuma ɗauri ne."

"Babu wani kati," kakata ta ce. "Gara a ce ƙwaya yake sha. Mai shan ƙwaya yakan tuba a manta. Wannan kuwa har jikokinsa za a bi da ita."

Lauyar ba ta yi musu da tsohuwa ba. Ta juya wajen Baba. "Malam, kai ake tuhuma, kai ke da zaɓi. Amma ba zan ɓoye maka ba, katin zai wanke ka daga ƙwaya, kuma daga ranar ka gama tuƙi. Matar da ta karye ma haƙƙinta yana nan."

Ina rakuɓe a bakin ƙofa, kuma a nan na fara jin sunan ciwon ubana. Wallahi haushin lauyar nan na ji, don gani nake ta zo tona mana asiri ne kawai.

Sai Baba ya miƙe ya shiga ɗakin uwarsa, muka ji yana sauke kwanukan jere. Ashe katin yana ƙasan kwalla ta ƙarshe, shi kaɗai ne abin da ba ta taɓa iya ƙonawa ba. Ba ta hana shi ba, juya mana baya kawai ta yi.

Ranar shari'a kotu ta cika da 'yan tasha, a gabansu aka karanta takardar likita. Aka soke tuhumar ƙwaya, aka ci shi tara kan tuƙin ganganci, aka karɓe lasisinsa. Abin da kakata ta ji tsoro kuwa ya faru. Saurayin yayata ya ɗauke ƙafa ba sallama, maƙwabta suka yi wata da watanni ba su aiko yara ɗibar wuta ba. Har ta rasu ba ta yafe wa lauyar ba, "yarinyar nan mai gilashi" take ce mata.

Yanzu duk mun yi aure, Baba ya tsufa a gonarsa ta gyaɗa, ni nake kawo masa magani daga Kano. A kan taga yake ajiye shi, inda duk mai shigowa zai gani. Kwanaki na tambaye shi ko yana kewar mota.

"Shekara tara ina ɗibar 'ya'yan mutane ina roƙon Allah kada farfaɗiyar ta zo min a hanya," ya ce. "Ke dai bar min maganin a kwalinsa."