Hashimu Aroba da Harafin O

In ka sauka tashar Gaya, ta tsallaken iyakar Najeriya, ka tambayi Hashimu, sai a ce maka wanne? Amma ka ce Hashimu Aroba, ko mai tuyar ƙosai za ta nuna maka shagonsa da baki. Siber ce, wato shagon intanet, 'yar ƙarama, ordinater uku, wato kwamfuta, da fanka mai ƙara kamar injin markaɗe, tana kallon hanyar da kamiyoyi, manyan motocin kaya, ke jeruwa kafin su haye gada zuwa Malanbil. Laƙabin kuwa daga alamar nan ya samo shi, mai kama da harafin a ya naɗe wutsiya, wadda ke tsakiyar kowane adireshin imel. Duk wanda ya shigo, kafin ya rufe baki daga sallama Hashimu ya jefo masa tambaya: "Ka sa aroba?"

Mutum ne mai son aikinsa, har da 'yar fankama. Direbobi, 'yan kasuwa, 'yan lakwal, wato ɗalibai, kowa da irin tasa ɓarnar, kuma ya haddace su kaf. Wani ya zuba adireshi a gurbin kan magana. Wani ya bar fili a tsakiyar suna. Yawanci kuwa ɗigo ke kayar da su, don a kilabiyen Faransa, wato allon haruffan, sai ka danne wani maɓalli kafin puwen, wato ɗigon, ya fito, in ba haka ba wata alamar daban ce za ta faɗo maka. Hashimu zai leƙo ta kafaɗarka, ya ja tsaki, ya gyara da yatsa ɗaya, ya ce, "Ni saƙo bai taɓa dawowa daga hannuna ba." Ƙarya yake yi, amma ba sosai ba.

Abin dariyarsa na kullum masu fentin motocin Najeriya ne. Shi a lakwal mushe, wato malaminsu, ya koya masa Hachimou, da O da U a ƙarshe, kuma a ganinsa haka sunan ya sauko daga sama. Da kamiyo ya shigo daga Kamba da sunan mai shi a goshi, sai ya tafa hannu. "Ku dubi bayin Allahn nan, sun sake cinye O! Rowar fenti ce ko me?"

To, ana nan sai 'yarsa Nasiba ta samu hanyar karatun ungozoma a Birnin Kebbi, inda gwaggonta ke aure. Yarinyar tun tana ƙarama ba ta da zance sai wannan. Abin da ya rage kawai a tura hoton takardunta ga wani ma'aikacin makarantar, Malam Umaru Sanusi, kuma ranar Juma'a kafin a tafi masallaci ake rufe karɓa. Wanda ya makara sai baɗi, in ma da rabo. Takardar ƙarshe kuwa ba ta fito ba sai safiyar Juma'ar.

Hashimu ya zaunar da ita a kujerarsa ta kansa, wadda ko liman ba ya ba shi. Ya buga wa Malam Umaru waya, mutumin ya karanto adireshi: sunansa, ɗigo, sunan mahaifinsa, sai sauran. Hashimu ya rubuta oumarou.sanoussi, ya danna, ya juyo yana murmushi. Bai gama murmushin ba saƙo ya dawo, wai babu mai wannan adireshi.

"Rezo ne," in ji shi, wai layin intanet ne ba kyau.

Ba rezo ba ne. Ya duba aroba, tana nan zaune daram. Ya duba puwen, lafiya lau. Ya goge komai ya sake rubutawa a hankali, ko wani fili ya ɓuya a ciki. Saƙo ya dawo. Ya cire ɗigon ya manne sunayen, ya dawo. Ya sauya ordinater, nan ma haka. Wani direba da ke jiran layi ya ce, "Af, Aroba, yau kai ne?" Da wata rana ce da ya sha amsa, amma yau Hashimu ko ɗaga kai bai yi ba. Tsoro ne ya kama shi, tsoro na gaske, don ya ga Nasiba ta daina kallon allon, ta koma murza bakin mayafinta.

Ya sake kiran Malam Umaru. "Ranka ya daɗe, don Allah sunan, yaya ake rubuta shi?"

"Haba Malam, Umaru Sanusi fa! Yadda kowa ke rubutawa. Ka hanzarta, mun kusa tashi." Ƙit, ya kashe.

Yadda kowa ke rubutawa! Ai shi ma haka ya rubuta. Ya fito ƙofar shago yana fifita da hula, zufa har cikin ido, lasifikar masallaci ta fara karatu. Daidai nan wani kamiyon albasa ya tsaya gabansa yana huci, lambar Najeriya, goshinsa da jan fenti: ALHAJI UMARU. Bakin Hashimu ya buɗe da kansa. "Kun gani ko, sun sake cinye..." Sai ya tuna Malam Umaru ma ɗan Najeriya ne.

"La'ilaha illallahu! Nasiba, matsa!"

Ya faɗa kan kilabiye ya shiga korar O ɗaya bayan ɗaya, ya haɗa da S guda, har adireshin ya rame ya koma umaru.sanusi. Shi dai a idonsa sunan ya zama kamar kazar da aka fige. Ya yi bisimilla ya danna. Suka zuba wa allo ido, shi da ita da direban. Shiru, bai dawo ba. Can sai ga amsa daga Malam Umaru: takardu sun iso, an sa sunanta. Direba ya yi kabbara, Nasiba ta rufe fuska tana dariya, Hashimu ya ce ai dama ya sani, gwada su yake yi.

Da ya sunkuya ya sake karanta amsar, sai ya ga yadda aka rubuta ta: Nasiba Hashimu. Babu C, babu O. Nan ne ya san da gaske yarinyar tafiya za ta yi, garin da ko sunan ubanta ba a rubuta shi yadda ya saba. Daɗi ya cika shi, kewa kuma ta riga ta fara.

"Baba, sun ɓata maka suna," in ji Nasiba. "In ce su gyara?"

Hashimu ya goge ido da hula, wai zufa ce.

"Bar su, 'yar nan. Tafi da shi haka. O ɗin ki bar mini a nan, in kin gama ki dawo ki ɗauka."