Yadda Aka Hutar da Yaya

Yayata mace ce mai ƙafa. Duk Tudun Wada ba gidan suna ko na gaisuwar mutuwa da ba za ka tarar da takalmanta a bakin ƙofa ba. Daga gidanta zuwa Kongo a ƙasa take zuwa, wai kafin mai keke ya gama cika fasinja ita ta isa. Ta haura sittin tana haka.

Wata damina ta tsallake kwata a bakin layinsu, ƙafar hagu ta zame, gwiwa ta murɗe. Ta ce ta ji wani abu ya yi ƙas a ciki. Kafin la'asar gwiwar ta kumbura kamar ƙwarya. Mijina ya riga ya rasu, yarana sun kama gabansu, don haka ni na ɗauko ƙullin kayana na tare a ɗakinta jinya.

Maƙwabta suka ce a kira mai ɗori. Mutumin kirki, ya taɓa ya ce ba karaya, ba nasa ba ne. Sai asibiti. Bayan hoto, likita ta zaunar da mu ta yi mana bayani da Hausa. Ta ce jijiyar da ke riƙe gwiwa daga gefe ce ta yage, amma ba ta tsinke duka ba. Ana yin aiki, sai dai an fi yi wa matasa masu guje-guje, ko wanda tasa ta tsinke gwiwar tana gocewa. Allura da ƙwaya zafi kawai suke ragewa. Ga mai shekarun Yaya, ta ce a ɗaure da abin ɗaure gwiwa mai ƙarfe a gefe, a huta har kumburi ya saɓe, daga nan a shiga gashi da motsa ƙafa kullum.

"Hajiya, kwanciya ce abokiyar gabarki," in ji ta. "In kika biye wa gado, ƙafar nan za ta manta da ke."

Na fahimci wannan sarai, ni da iyakar karatuna yaƙi da jahilci. Babban ɗan Yaya kuwa, Alhajin da ke da shaguna a Kwangila, yana tsaye a bakin ƙofa yana waya.

Washegari sai ga mota da sabon gado mai ɗaga kai, da keken guragu yana walƙiya, da 'yar aiki ta musamman. Aka fitar da tsohon gadon Yaya tsakar gida, aka kuma bar shi nan yini guda, kowa ya shigo ya tambaya. Shi kuma ya amsa, "Ai Hajiya ta gama taka ƙasa in dai ina raye." Mutane suna ta Allah ya yi albarka. Na ga yadda yake karɓar albarkar nan, har da lumshe ido kamar mai shan fura da sanyi.

Da kumburi ya sauka, muka fara abin da mai gashi ya koya mana. Ta kwanta a tabarma, ta miƙe ƙafa, ta ɗaga, ta sauke. Ta dafa bango ta ɗan lanƙwasa. Akwai zafi, tana yi tana zagina, ina dariya. Har ta fara zuwa bakin randa da sanda.

Ran nan da hantsi muna cikin yi, Alhaji ya yi sallama, shi da abokansa 'yan dubiya, manyan riguna sai ƙamshi. Suka tarar da ita a ƙasa, ƙafa a sama, gumi a goshi. Ya mayar da su zaure ya dawo.

"Haba Inna! Uwata ce kike sa wa atisaye kamar kurtun soja? A ƙasa?"

"Likita ce ta ce, Alhaji."

"Likitar da ba ta kai ƙanwata ba. Yanzu mutanen nan su fita su ce me? Na kasa kula da mahaifiyata?"

"To su mutanen nan, gwiwarsu ce?"

A hankali na faɗa, amma ya ji. Ya juya gare ta: "Hajiya, don Allah ki hau gado."

Ɗan fari ne. Ko sunansa Yaya ba ta faɗi, ba ta taɓa haɗa ido da shi ta yi musu ba tun yana goye. Ta kau da kai ta ce da ni, "Ki ce wa wannan yaron na ji." Ta hau.

Daga ranar aka daina kai ta gashi, wai sahun asibiti ba na irinta ba ne. Sandar ta ɓace. In ta yunƙura za ta ɗauki buta, 'yar aiki ta riga ta, don an ce za a kore ta in aka ga Hajiya a tsaye. Nakan rufe ƙofa mu ɗan yi a saman gado, sai matarsa ta leƙo da kwanon farfesu, kafin azahar labari ya kai Kwangila. Ƙannensa ma kowa na son ladansa a bainar jama'a. Wannan ya kawo man shafawa daga Saudiyya, wancan ya ɗauko mai kemis ya yi mata allura. Sukan jeru bayan kekenta a ɗauki hoto. Ban taɓa ganin ɗayansu ya durƙusa ya kama ƙafar ya duba ba.

Daga baya aka ce mini na gaji, in koma gida in huta ni ma. Da buhun shinkafa aka sallame ni.

Sai bayan babbar Sallah ya yarda a koma asibiti, saboda ta fara kuka in an miƙar da ƙafar. Na bi su. Likita ta ɗaga zanen, ta ga cinyar ta tsotse kamar muciya, gwiwa ta ƙage a lanƙwashe. Ta ce jijiyar kam ta haɗe, amma ƙafar ta sandare, yanzu gashin zai fi tsawo ya fi zafi, kuma ba ta yi alkawarin tafiya irin ta da ba.

Ya gyara hula, ya ɗaga murya yadda na kan benci za su ji: "Likita, wace ƙasa ce ta fi iya aikin nan? A faɗa mini kawai."

Ba ta ko dube shi ba. Ta juya ga Yaya ta tambaye ta, "Hajiya, za ki iya jurewa?"

Yaya ta daɗe tana kallon ƙafar. Sannan ta ce ta gaji, a bar ta haka.

Yau a keken take. In an yi rasuwa a layinsu, ni nake zuwa in ce Hajiya na gaisuwa. Shi kuwa duk inda ya zauna cewa yake ba abin da bai yi wa mahaifiyarsa ba, ƙaddara ce. Ni dai ban ga amfanin zuba magana a kwando ba.