Abin da Dodo ke faɗa wa gurumi

Duk wanda ya zauna a Filinge ya san Dodo Ɗanjimma, ko bai san fuskarsa ba ya san muryarsa. A wani ƙauye na Kurfai aka haife shi, inda ubansa ke ja wa masu bori goge. Shi kuwa tun yana saurayi ya lura iskoki ba su ba da riga, sai ya ɗauki gurumi ya shigo gari wurin masu riguna. Da waƙa ya yi aure, da ita ya yi ginin laka mai ɗaki uku a bayan kasuwa, da ita ya aurar da ɗiyansa. Ba a cewa ya fi kowa murya. Amma in ya yabi mutum, mutumin kan tashi daga wurin yana jin kamar an ƙara masa tsawo.

Yana da wata ɗabi'a. In ya ɗaga murya ya kai ƙarshen baiti, sai Sani ɗan amshinsa ya karɓa. A wannan ɗan tsakanin Dodo kan sunkuyar da kai kamar mai duba tsirkiya, leɓɓansa su motsa kaɗan, sannan ya ɗago ya shiga baiti na gaba. Ba mai jin abin da yake faɗa sai Sani, wanda tare suka yi furfura. Mutanen gari dai sukan ce ba su taɓa ganin ɗan amshi mai fara'ar Sani ba.

Cikin iyayen gidan Dodo babu kamar Alhaji Isufu Nasara, dillalin shanu da ke cin kasuwar Baleyara. Shi ke aiko da hatsi duk kaka, shi ke ɗinka rigar salla. A shekarun nan da muryar Dodo ta fara gajiya, ƙarshen baiti yana fita kamar an taka shi, masu biki suka koma wa samari masu sono, masu kiɗan manyan lasifikoki, Alhaji ne kaɗai bai sauya ba. In gidan nan ya rufe, to, sai a ce tukunyar gidan Dodo za ta huta fiye da yadda ake so.

Wata rana Alhaji ya kira shi ya ce yana son a ɗauki waƙarsa ɗauka mai kyau, wadda direbobinsa za su riƙa sawa a kamiyo, manyan motocinsa na ɗaukar shanu, ba irin ta telefon da ake yi a wurin biki ba, inda guɗa ke cinye rabin suna. Ya ba da abin da ya ba, kuma abin da ya ba bai kai a shiga situdiyo a Yamai ba.

Dodo ya kai maganar wurin Bintu, ɗiyar ƙanwarsa, wadda ke riƙe da na'urori a wani ƙaramin gidan radiyo na yankin. Ta ce tana da ordinater, wato kwamfuta, tana da ɗan akwatin da ake haɗa mikro da shi. Abin da ya rage mikro ne da kwampireser, kuma na hannu za su samu in sun shiga Yamai.

"Mi ne ne shi kuma na biyun?" in ji Dodo.

"Kawu, akwati ne. In murya ta yi sama da yawa shi danne ta, in ta yi ƙasa a ɗago ta, duk su zo daidai."

Dodo ya gyaɗa kai. Ya tuna da ƙarshen baitocinsa. "Wanga akwati," ya ce, "mai hankali ne."

A Yamai suka shiga wani shago mai cike da tsofaffin lasifikoki. Mai shagon Bazabarme ne, ya yi musu fofo, gaisuwar Zabarmawa, ya fito da mikro biyu ya ajiye a kan tebur. Ɗaya baƙi ne, kansa ya lotsa gefe guda, fentinsa ya koɗe a wurin riƙo. Ɗayan kuwa fari ne ƙal, mai ƙiba, yana kwance cikin akwati mai soso kamar jaririn masu kuɗi.

Bintu ta ɗauki baƙin. Ta ce wannan ba ya jin komi sai abin da aka sa masa a baki, ga shi ba ya tsoron ƙura, ko ya faɗi ba ya fushi, kuma da araha. Farin kuwa yana jin har tafiyar ƙadangare, ɗaki yake so mai shiru irin na masu situdiyo.

"To don mi za ni sayi kurma?" in ji Dodo.

"Don gidanmu akwai awaki, Kawu."

"Awaki a ɗaure su. Ni duk rayuwata ina neman mai saurare, yau na samu, ki ce in bar shi?"

Mai shagon ya ga inda iska ta nufa, sai ya sa wa Dodo kaske, abin saurare, a kunne ya kunna farin. Dodo ya yi gyaran murya. Ya ji gyaran muryar ya dawo masa da kauri kamar na wani babban mutum. Ya haɗiye yawu, ya ji haɗiyar. Daga nan Bintu ta san magana ta ƙare. Suka ɗauki farin da wani tsohon kwampireser da maɓallinsa ɗaya ya ɓace an sa na radiyo a madadinsa, suka koma gida da abin da bai fi kuɗin mota ba.

Ɗakin uwar Bintu aka gyara. Aka jingina katifa a bango, aka rataye barguna a taga da ƙofa, aka kashe fanka. Aka kai awaki gidan maƙwabta. Zafi ya taru a ɗakin har Sani ya ce in an gama a yayyafa musu yaji a kai kasuwa. Mikron ɗaya ne, saboda haka Dodo da gurumi da Sani duk a gabansa suka zauna.

Dodo ya gwada baiti ɗaya, Bintu ta mayar masa ya ji. Ƙarshen ya ɗan nutse.

"Murɗa akwatin."

Ta murɗa kaɗan.

"Ƙara."

"Kawu, in na ƙara, duk abin da ke ƙasa zai taso. Duka hwa."

"Shi nika so. Murɗa har shi tsaya."

Bintu ta dube shi, ta dubi Sani. Sani yana duban katifa. Ta murɗa har ya tsaya.

Ranar Dodo ya yi waƙa kamar wanda aka mayar wa ƙuruciya. Bintu na zaune da kaske a kunne, tun daga baiti na biyu ta ja gyalenta ta toshe baki, kafaɗunta suna rawa. Dodo ya ɗauka daɗin waƙar ne ya sa ta kuka, ya ƙara ƙaimi.

Da aka gama ta haɗa ƙaramar lasifika ta kunna. Muryar Dodo ta cika ɗakin, cikakkiya, ba inda ta nutse. Isufu mai shanun da ba su ƙirguwa, in ji waƙar. Sani ya karɓa. A ƙarƙashin amshin, a fili kamar mai ba da sanarwa a radiyo, wata murya ta ce: "Don rabi na mutane ne."

Isufu mai kyauta kamar ruwan sama. "Na bara."

Isufu mai ciyar da baƙo. "In ya zo da tuwonshi."

Isufu namiji, ba ka tsoron kowa. "Sai Hajiya Husaina."

Har ƙarshe haka. Babu baitin da ya fita ba wutsiya.

Dodo ya daɗe yana kallon farin mikron. "Munahuki," ya ce masa a hankali. Sannan ya juya wurin Bintu. "Cire su."

Ta ce ba su ciruwa. Mikro ɗaya ya ɗauki komi a dunƙule, maganar tana cikin amshi kamar gishiri cikin miya. In ta yanke ta, ta yanke Sani da gurumi, waƙar ta zama tsumma. Ko an sassauta akwatin ma, wannan mikron zai ji. Sai dai a sake, Kawu kuma ya rufe bakinsa.

Aka sake. Dodo ya kai ƙarshen baiti na fari, Sani ya karɓa, Dodo ya datse leɓɓa. Da lokacin shigarsa ya yi sai ya tarar ba komi a kansa. Gurumi na tafiya, shi yana zaune kamar wanda ya shiga ɗaki ya manta abin da ya zo ɗauka. Suka sake. Ya shiga da wuri. Suka sake, ya shiga a makare, ya kira Alhaji da sunan kakan wani. Ashe a wannan ɗan sunkuyon yake jan numfashi, a can kuma yake tsinto baiti na gaba. Sai ya ajiye ƙaramar maganar sannan babbar ke samun wurin fitowa. Shi kansa bai sani ba sai ranar. Sani ma amshinsa ya yi sanyi, kamar mai karɓar gaisuwar mutuwa.

Washegari suna cikin wannan faman aka ji mota ta tsaya a ƙofar gida. Alhaji ne, a kan hanyarsa ta zuwa Baleyara, ya ce bari ya ji inda aka kwana. Ya ɗaga bargo ya shigo, ya zauna a kujera ɗaya tilo da ke ɗakin.

"Ba a gama ba tukun, ranka shi daɗe," in ji Dodo.

"An ce jiya har waje ana jin ka. Ɗiyata, sa min abin da ke akwai."

Bintu ta ce kuran, wato lantarki, bai da ƙarfi. Alhaji ya dubi ƙwan fitila da ke ci sarai. Ta ce lasifikar ta lalace. Ya nuna kaske. Alhaji babba ne, kuma kuɗinsa ne. Ta miƙa masa da hannu biyu, ta danna, ta koma bayan katifa ta tsaya.

Babu wanda ke jin komi a ɗakin sai Alhaji. Dodo dai fuskarsa yake karantawa. Ya ga murmushi ya fito, ya san baiti na fari ne. Ya ga murmushin ya tsaya a inda yake bai ƙaru ba. Ya ga gira ɗaya ta tashi. Can Alhaji ya kai hannu ya gyara hularsa da ba ta karkace ba, Dodo ya san an iso wurin Hajiya, uwargidansa. Sani ya fara lallaɓawa wajen ƙofa, Dodo ya take masa gefen riga.

Da waƙar ta ƙare Alhaji ya cire kaske ya ɗora a gwiwa.

"Dodo."

"Ranka shi daɗe."

"Tun ina da saniya biyu nika ganin bakinka na motsi. Na aza addu'a kaka yi min."

Dodo ya sunkuyar da kai. Gumi na bin gemunsa.

"Maganar Hajiya," in ji Alhaji, ya rage murya, "kowa ya sani?"

"Ni da Sani ne kawai."

"Da duk unguwa," in ji Sani, don tsoro ya kwance masa harshe.

Alhaji ya gyaɗa kai kamar wanda likita ya gaya wa abin da dama yake zato. Dodo ya fara lissafa abin da ya rage a rumbu. Sannan Alhaji ya ce, "Ni kaɗai kaka yi ma haka?"

"Kowa da nashi."

"Har Alhaji Sadiƙ?"

Alhaji Sadiƙ shi ne ɗaya dillalin, wanda suke gaisawa da hannu biyu a masallaci, su soke wa juna ciniki a kasuwa. Dodo ya ce har shi.

"In ka ce mishi mai gaskiya a ciniki, mi kaka cewa a ƙasa?"

Dodo ya dubi farin mikron, ya sa Bintu ta zare wayarsa, sannan ya matsa ya faɗa a kunnen Alhaji. Dariyar da Alhaji ya yi, sai da awakin da ke gidan maƙwabta suka amsa. Ya share hawaye ya ce a sake faɗa masa. Ya ce ashe shi an yi masa da sauƙi. Ya nemi a ɗauki ta Sadiƙ ɗin da wannan mikron, shi zai biya, Dodo ya ce a yi masa rai, yana son ya tsufa a garin nan.

Alhaji ya sa Bintu ta zuba masa waƙar a kart memuwar, ɗan katin nan na telefon, ya tsaya a kanta har ta goge ta daga ordinater, ya cusa kart ɗin can cikin aljihun ciki. A bakin ƙofa ya juyo.

"Ku mayar da wanga ɗan gulma. Ku sawo wanda ke da kunya."

Mai shagon Yamai ya karɓi farin ya ba da baƙin, bai mayar da ciko ba, Bintu kuma ba ta ce wa kawunta ai na faɗa ba, sai dai ta yi ta waƙe-waƙe a mota har Baleyara. Aka sassauta akwatin zuwa rabi. Da baƙin mikron aikin ya zo da sauƙi: in Sani ya kawo baki zai yi amshi, Dodo ya kau da kai can gefe ya gana da guruminsa. Waƙar ta fito tsaf, ita ce direbobin Alhaji ke sawa daga Abala har Yamai. Hatsi ya ci gaba da zuwa duk kaka.

Wuri ɗaya ne kawai, wajen ƙarshe, bayan baitin da aka ce Isufu ba ya riƙe mutum a zuciya, inda Sani ya kasa amshi ya fashe da dariya a bakin mikro. Bintu ta so a sake, Dodo ya ce murya ta gaji. An ce in Alhaji na cikin mota shi kaɗai yakan mayar da wurin baya, ya ƙure sauti, ya kanga kunne a lasifika. Ya tambayi Sani, Sani ya ce tari ne. Ya tambayi Dodo har ya gaji da tambaya. Dodo dai yakan ce shi tsoho ne, ba ya riƙe abin da ya wuce.