Neman Tsohon Sojan Burma a Jimeta

Mun tashi daga Kano ana kiran sallar asuba, ni da wata 'yar ajinmu, a motar haya mai zuwa Yola. Ina karatun digiri na biyu a fannin tarihi, bincikena kuma a kan 'yan Arewa ne da Turawa suka kwasa zuwa Burma lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Malamina ya gaya mini ƙiri-ƙiri, in ban samo wanda ya je yaƙin da ƙafarsa ba, to in canza maudu'i. Ana haka na ji labarin wani tsoho a Jimeta wanda shekarunsa suka doshi ɗari. Ban tsaya dogon shawara ba.

Har Gombe tafiya lafiya lau. Daga nan zuwa Numan kuwa ramuka suka yi ta wujijjiga mu, har wata dattijuwa a bayanmu ta ce wa direba in kashe mu zai yi ya bari ta yi alwala tukuna. A wani shinge soja ya tambayi abin da zai kai mu Yola, na ce binciken yaƙin Burma. Nan take ya haɗe rai, ya ɗauka Bama ta Borno nake nufi. Sai da na nuna katin makaranta ya yi dariya ya sallame mu. A Numan muka huce gajiya da soyayyen kifi, mai araha nesa ba kusa ba in ka gwada da na Kano.

Jimeta zafi kamar a bakin murhu. Ba acaɓa, sai keke mai ƙafa uku, cikin kasuwa kuma Hausa da Fillanci da Turancin buroka duk a cakuɗe.

Gidan yana can cikin wata unguwa a Jimeta. Ɗan tsohon, malamin makaranta mai ritaya, ya tarbe mu da ruwan sanyi, sannan ya ce, "Ku yi haƙuri, tun da muka gudo daga Mubi Baba ba ya hira da baƙi."

Abokiyar tafiyata ta ce mu juya. Na ƙi. Kullum da safe sai in koma gidan, in zauna muna ɓarar gyaɗa da matar gidan, ban sake ta da zancen ba. Rannan sai ga muryar tsohon daga ɗaki, da irin Hausarsa ta mutanen Mubi: "Wannan yarinya bai gaji ba? Ku ce ya shigo."

Yana kishingiɗe, idanunsa sun dushe, amma hankalinsa garau. Ya ba ni labarin jirgin ruwan da suka shiga a Ikko, yadda ya yi ta amai shi da bai taɓa ganin teku ba, da ruwan saman da ba ya ɗaukewa, da matsattsaku masu shiga takalmi. Da na tambayi lambobin yabonsa, ya ce sun ƙone tare da gidansa ranar da 'yan bindiga suka shiga Mubi.

"A Burma ni na goyi mai rauni na haye rafi da shi," in ji shi. "A nan jikana ne ya goye ni muka hau dutse. Can ban san waɗanda ke harbinmu ba, 'yata. Na nan kuwa, akwai wanda na ci tuwon sunansa."

Na kashe rikodar da nake ɗaukar muryarsa da ita. Ya ce in kunna, bai gama ba.

Ranar dawowa mun iso Kano bayan la'asar, jiki duk ciwo. Na tafi neman yaƙin da aka gama tun kafin a haifi mahaifina, na tarar da wanda har yanzu mutane ba su gama kukansa ba. Waɗanda suka gudo Jimeta suna nan da ransu, suna tsufa, kuma ba kowa ke tambayarsu abin da suka gani ba. Ina miƙa kundin binciken nan, wajensu zan koma.