Gonar da Muka Share Don Hoto

Ranar wata Laraba, a bazarar shekarar da aka sa ni lakol, wato makarantar boko, mai gari ya aiko wa Baba cewa jibi malamin gona zai zo daga Gazawa da mai ɗaukar hoto, kuma gonarmu za su ɗauka. Ina tsugune ina ba awaki dusa, na ga Baba ya ajiye butarsa.

Gonar tamu abin dariya ce a ƙauyenmu na gefen Gangara. Shekara huɗu Baba ba ya sassabe irin na mutane. Duk tohon da ya fito daga kututture, gawo ne ko kalgo ko sabara, sai ya bar sanda biyu ya sare sauran, don su tare iskar da ke binne mana shuka da rairayi. A wurin mutanenmu kuwa, manomin kirki shi ne mai gona fes kamar tsakar gida. Ranar kasuwa har tsokanarsa ake yi: "Malam Idi, hatsi kaka noma ko kurmi?" Duk ya shanye. Abin da ya kasa shanyewa shi ne a kai hoton birni, baƙi su ce gonar rago ce.

Kwana biyu muna saran itatuwan gonar. Baba da yayyena suna gatari, ni da Inna muna jan rassa zuwa gida. Ni har murna nake, na huta da zuwa itace. Da yammar Juma'a mai hoton ya sauko daga mota, ya duba gabas ya duba yamma, ya ce wa malamin gona: "Ina itatuwan da ka ce?" Don kada Baba ya ji kunya mai hoton ya ɗauki hoto guda ɗaya, daga baya aka aiko mana.

Daminar nan sau uku muka yi shuka, iska tana binne ta. Baba bai sake barin toho ba, ya ce ya tsufa da fara abu sau biyu.

Yanzu idan na je gida, gawo ya rufe gonakin maƙwabta, tamu kuwa rairayi ne fayau. Hoton yana bangon ɗakina a Maraɗi, baƙi suna cewa: "Kai, wannan gona ta sha gyara!" Na gaji da bayani, sai in ce haka ne. Har Allah ya ɗauki ran Baba bai yarda ya kalle shi ba.