Gwiwar Mutala

Wandona na zuwa Juma'a ya tsage ne a bayan shagon Mutala kafinta, a unguwar Maamobi, a kan idon Latifatu mai koko. Na sunkuya zan ɗaga wani ƙarfe da aka soka wa gwangwanin fenti biyu cike da siminti. Ƙarfen ko motsi bai yi ba, wandon ne ya amsa. Latifatu ba ta fasa zuba kokonta ba, sai dai ta gaya wa mai saye cewa dama ita ta san yadin ba na kirki ba ne. Babbar riga ce ta rufa mini asiri har gida.

Ƙarfen na Mutala ne. Mutumin nan ya ba sittin baya, gemu ya yi fari fat, amma ana sallame Asuba zai ɗaure takalmi ya miƙe titin Kanda da gudu, direbobin trotro, motocin haya, na danna masa ham suna tambayar wa ya biyo shi. Ya dawo ya hau kokawa da siminti. Ran Lahadi kuma teku yake tafiya, ya faɗa ruwa da dogon wando saboda kunya. Matarsa Zuera ta ce gishirin da take wankewa a kayansa ya ishe ta miya.

Mu 'yan majalisar shayi mun yanke cewa ƙato yake son zama, 'yan siyasa su ɗauke shi gadi in zaɓe ya zo. Ashe mun yi kuskure.

Tun yana saurayi Mutala ke shiga kabari. In an yi rasuwa a unguwa, shi ke sauka cikin ramin, a miƙo masa mamaci ya karɓa, ya kwantar da shi a kan dama, fuska na kallon alƙibla. Iyayen rabin majalisarmu shi ya kwantar da su, har da nawa.

Bara da damina aka kai wani mahauci na Sabon Zongo, Allah ya jiƙansa, mutum ne da bai taɓa yi wa nama rowar cikinsa ba. Ana miƙo shi gwiwar Mutala ta lanƙwashe. Bai saki ba, amma likkafanin ya gogi bango ya kwashi jar ƙasa. Bayan kwana biyu liman ya ja shi gefe, ya ce ya huta haka nan, yara sun taso, ga Tawfiq ɗan ƙanen shi Mutalan da ƙirji kamar ƙofar kanti.

Mutala ya ce ƙirjin Tawfiq na hoto ne, kuma ranar da aka gwada saka shi a rami wayarsa ta kama kiɗa a aljihu. Ya roƙi arziki a bar masa aikinsa. Liman ya yarda, da sharaɗin ranar da gwiwar ta sake rawa, ranar zai fito ke nan.

Shi ya sa yanzu kowace jana'iza jarrabawa ce. Dattawa su jeru a bakin kabari, baki na salati, ido na kan gwiwar Mutala. Har yau dai ba ta ba su abin faɗa ba.

Jiya na zauna a bencinsa da waakye, shinkafa da wake, a ganye, an ɗora mini taliya da ƙwai da ganda, ina kallonsa yana nishi ƙarƙashin ƙarfe, jijiyoyin wuya duk sun miƙe. Tausayi ya kama ni.

Na ce, “Yaya Mutala, ka ji ƙan ƙashinka mana. Mahaucin nan ya riga ya tafi. Wa ya rage a unguwar nan da nauyin da kake wa wannan shiri?”

Ya ajiye ƙarfen a hankali, ya goge fuska da gefen singileti. Ya dubi ganyen, ya dubi tumbina.

Ya ce, “Kai mana. Kana ƙara loma, ina ƙara siminti. In ba za ka yi gudu don kanka ba, ka yi don gwiwata.”